Tambaya da Amsa: Wane Ne Yvan Muller, Kuma Ina Matsayinsa a Tseren Motoci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a unguwar Sabon Gari, Maradi. Yaran garejina sun ga tseren wasu motoci masu kama da na gida a talabijin, aka ambaci wani Bafaranshe mai suna Yvan Muller a matsayin gwarzo. Babbansu ya dage cewa duk direban da bai shiga Formula 1 ba, rago ne da aka kayar. Ina roƙon a ba mu tarihin mutumin, a kuma raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuka gani ba Formula 1 ba ne, wato babbar gasar duniya ta motoci masu kujera ɗaya, ba kuma irin tseren Paris-Dakar da manyanmu suka sani yana ratsa Agadez da Tenere ba ne. Tsere ne na motocin da aka gina a kan siffar waɗanda kamfani ke sayar wa jama'a, ana yin sa a kan kwalta, cikin fili mai zagaye. Da za ka leƙa cikin ɗaya daga cikinsu, za ka tarar an kwashe kujeru da shimfiɗa duka, sai kujerar direba kaɗai a tsakiyar kejin bututun ƙarfe da aka walda don kare shi idan motar ta kife.

An haifi Muller a 1969 a Altkirch, yankin Alsace na gabashin Faransa. Ya fara ne da ƙananan motoci masu kujera ɗaya, wato hanyar da ke kai matashi Formula 1, har ya ci gasar Formula 2 ta Birtaniya a 1992. Ƙofar ba ta buɗe masa ba, sai ya koma motocin da muke magana a kansu. A Ingila ya daɗe yana tuƙa wa kamfanin Vauxhall. A 2001 abokin aikinsa Jason Plato ya ƙwace masa kambun gasar Birtaniya a tseren ƙarshe, amma a 2003 ya ɗauke shi. A lokacin hunturu kuma ba ya hutawa, domin sau 10 ya lashe gasar Andros, wadda a wancan lokacin ake yi a kan ƙanƙara da tayoyi masu ƙusoshi, inda mota ke shan kwana a karkace tana sulɓi, direba yana riƙe ta da totur da sitiyari.

Sunansa ya kafu ne a WTCC, gasar duniya ta irin waɗannan motoci, wadda ya ci sau 4. Na farko a 2008 da motar SEAT León mai shan man dizal, abin da zai ba yaranka mamaki idan sun ɗauka dizal na manyan motocin kaya ne kawai. Sai 2010 da 2011 da Chevrolet Cruze. Na 2013 shi ne ya fi burge ni, domin kamfanin Chevrolet ya janye daga gasar a ƙarshen 2012, amma Muller ya ci gaba da motar tare da ƙungiyar RML da ke harhaɗa ta, ya sake zama zakara. Jimillar tseren da ya ci a gasar 48 ne, babu wanda ya kamo shi har aka rufe ta.

Kafin a kira mai irin wannan tarihi rago, ya kamata a san cewa a lokacin da ake yin gasar, dokokinta da gangan suke takura wa mai nasara. Ana yin tsere biyu a rana ɗaya, kuma a shekarun farko ana juya jerin takwas na gaba, ta yadda wanda ya ci na farko zai tashi daga matsayi na takwas a na biyu. Motar da ta fi sauri kuma ana ƙara mata nauyi. Saboda haka dole zakara ya iya kutsawa cikin cunkoso, ƙofa na gogar ƙofa, madubi na karyewa, ba tare da ya lalata ƙafar motarsa ba, musamman a titunan birnin Macau na ƙasar Sin masu ƙunci da bango dama da hagu. Ɗan kokawar da ya riƙe takobi sau huɗu ba a auna shi da ɗan dambe, ko da kuwa dambe ya fi kawo kuɗi. Hasali ma, Gabriele Tarquini na Italiya, wanda ya yi shekaru a Formula 1, abokin aikin Muller ne a SEAT, kuma Muller ya riga shi cin kambun da shekara ɗaya.

Sai dai gaskiya ba ta ƙare a nan ba. Daga 2014 zuwa 2016 Muller ya tuƙa wa Citroën, wadda motarta ta fi ta kowa, amma José María López na Ajantina ya doke shi shekara uku a jere da mota iri ɗaya. A ganina wannan ne ciwon da ke cikin tarihinsa, kuma ba a iya ɗora laifinsa a kan inji. Ya yi ritaya a ƙarshen 2016, sannan ya dawo a 2018 da ƙungiyarsa ta kansa a sabuwar gasar WTCR da ta maye gurbin WTCC, ya zo na biyu a bayan Tarquini, wanda ya ci kambun yana da shekara 56. Daga baya ya yi aiki a ƙungiya ɗaya da Yann Ehrlacher, ɗan ƴar'uwarsa Cathy, wadda ita ma ta yi tseren mota. Yaron ya ci gasar a 2020 da 2021, kawunsa yana tuƙi a gefensa.

Idan yaranka suna son ganin irin wannan tsere a ƙasar Afirka, su nemi bidiyon wanda aka fara yi a titunan Marrakech ta Maroko a 2009. Direban ƙasar, Mehdi Bennani, ya yi takara da Muller shekaru da dama, ya kuma ci tserensa na farko a gasar a Shanghai a 2014.