Na zaɓi editan da nake so, amma wasu manhajoji sun ƙi bin zaɓina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina koyon rubuta kod, kuma hannuna ya riga ya saba da Notepad++, editan da nake rubutawa da gyara kod da shi, na saita shi a Windows ɗina in na danna fayil sau biyu lafiya lau shi yake buɗewa, amma akwai wata manhaja da nake ɗora fayiloli a shafina na intanet da ita, in na ce ta buɗe min fayil sai ta kawo min Notepad na asali. Git kuma, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod ɗina, wani baƙin allo yake jefa ni ciki, ko fita ban iya ba sai dai in rufe tagar gaba ɗaya. Don Allah a ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba kuskure ka yi ba, ƙofa ɗaya ce ka buɗe alhali ƙofofin biyu ne.

Ita Windows da wutsiyar sunan fayil take aiki. In ka ce mata .txt na Notepad++ ne to .txt ɗin kawai ta sani, .php da .css da .log kowanne sai ka sake gaya mata daban, ka danna dama a kan fayil ɗin, ka shiga "Open with", ka zaɓi editanka sannan ka ce "Always". A Mac kuma "Get Info" ne sai "Change All".

Ƙofa ta biyu tana cikin ita manhajar kanta, don wasu ba sa ma tambayar Windows, suna da nasu saitin. A cikin manhajojin ɗora fayiloli irin taka, FileZilla misali tana da sashen "File editing", WinSCP tana da "Editors". Duba taka, za ka ga gurbin da ake rubuta hanyar da editan yake zaune, kuma don Allah ka sa hanyar a tsakanin alamar zance, saboda akwai tazara a sunan "Program Files" kuma wannan 'yar tazarar kaɗai ta isa ta sa manhaja ta ce maka ba ta ga komai ba.

To sai Git. Baƙin allon nan Vim ne, tsohon edita ne mai ƙarfin gaske tun 1991 yake, ba lalacewa kwamfutarka ta yi ba. In ka sake faɗawa ciki danna Esc, rubuta :wq ka danna Enter, ka fita. Shi Git, don ya san editan da zai buɗe, wasu saituna yake bi a jere: yana fara duba GIT_EDITOR, sai core.editor, sai VISUAL, sai EDITOR, in duk bai samu komai ba sai ya koma wa vi, tsohon editan da Vim ya gada, shi ya sa Vim ke fito maka. In da editan VS Code kake aiki ga abin da za ka rubuta a tagar da kake ba Git umarni:

git config --global core.editor "code --wait"

Wannan --wait ɗin kar ka yi wasa da shi. Git yana buɗe maka fayil ne ya tsaya yana jiran ka rubuta saƙon bayanin canjin da ka yi ka rufe, in babu --wait sai editan ya amsa masa nan take kamar ka gama, shi kuma ya leƙa ya ga fayil wayam, ya soke aikin kai kana can kana ta buga rubutu ba ka sani ba. Na Notepad++ kuma -multiInst da -nosession ake ƙara masa bayan hanyarsa, don ya buɗe sabuwar taga ta daban wadda rufe ta zai nuna wa Git ka kammala.

Ni kam abin yana damuna in na ga manhajar da aka ɗaure ta da edita ɗaya ba wurin canzawa, mutum ya yi shekaru yatsunsa sun haddace maɓallan editansa ya gyara launi da girman rubutu daidai idonsa, a ce ya bar duk wannan saboda layi biyu da zai gyara? In ka bincika taka ba ka samu gurbin ba, sauke fayil ɗin ka gyara a Notepad++ ka mayar, sannan ka rubuta wa masu manhajar ka roƙe su su ƙara shi. Ka sanar da ni yadda kuka ƙare.