Yaya, ga amsar tambayarka kan makin 'yarka

Yaya, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ta yaya za a ce makin yarinya bai kai ba alhali ko jarrabawar ba ta zauna ba, kuma in bai kai ɗin ba, shin ba mu da wanda za mu gani a jami'ar ne. Bari in warware maka zare da abawa.

A gida sai yaro ya rubuta JAMB, ya ga abin da ya samu cikin 400, sannan a san inda aka dosa. Nan Ingila abin a juye yake. Yaro zai yi shekara biyu yana karatun A-level, galibi darasi uku, ya zauna jarrabawa a Mayu da Yuni, sakamako ya fito a tsakiyar Agusta. Amma neman gurbi ta UCAS, hukumar da ake bi ta hannunta a nemi jami'a, tun da daɗewa an rufe: Janairu ga yawancin kwasa-kwasai, 15 ga Oktoba ga likitanci da jami'o'in Oxford da Cambridge. Don haka abin da jami'a ke dubawa shi ne makin da malaman yaron suka yi hasashen zai samu. In ta ba shi gurbi, da sharaɗi ne: sai ya kawo maki kaza a Agusta.

'Yarka likitanci take so, inda ake neman AAA, wato A a darussan uku, ko fiye, malamanta kuma suka rubuta mata ABB. Ranar ganawar iyaye da malamai na zauna gaban malamin kemistiri, na yi masa irin roƙon da muka saba, na ce ya duba ƙoƙarinta ya taimaka. Sai ya juyo mini da kwamfutarsa, ya bi sakamakon gwaje-gwajenta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce da wannan yake aiki, in ta ɗaga a gwajin Satumba shi ma zai ɗaga. Na fito raina a ɓace, ita kuma tana hawaye a mota. Daga baya na gane gaskiyarsa. In ya rubuta mata abin da ba za ta iya kawowa ba, a Agusta za ta tashi a tutar babu. Ta dage, ya mayar da nasa A, ta koma AAB.

Maganar ganin wani kuwa, Yaya, a cire ta. Babu alfarma a nan, ko kana da aboki farfesa ba zai ɗaga waya ba. Abin da mutanenmu suka koya shi ne rabon gurabe biyar ɗin da UCAS ke bayarwa. Ba a zuba su duka a wuri mai tsauri. Ɗaya ko biyu a kai hannu sama, sauran daidai ƙarfin yaro, ɗaya kuma ƙasa da ƙarfinsa don ya zama madogara. Muna kuma duba rangwamen da wasu jami'o'i ke yi wa yaran unguwanni da makarantun da ba kasafai ake zuwa jami'a daga cikinsu ba. Jami'ar Bristol kan sauke makin da take nema da mataki biyu. Akwai shekarar share fage, akwai kuma Clearing, inda ranar sakamako yaro zai riƙa kiran jami'o'in da gurbi ya rage musu, shi da bakinsa, ba uba ba.

Likitanci ne kaɗai ban ba ta shawarar caca ba, domin da yawa daga cikin makarantun tun kafin su kira yaro ganawa suke ajiye wanda hasashensa bai kai ba. Mu iyaye Hausawa a nan muna da laifi: bayan Juma'a kowa ɗansa likita zai zama, har yaro ya ji kunyar faɗin wani abu daban.

Ita ta yanke da kanta. Ta cike harhaɗa magunguna da kimiyyar lafiya. In AAA ta fito a Agusta, za ta jira shekara guda ta nemi likitanci da maki na haƙiƙa a hannu. Ka gaya wa Hajiya ta sa ta a addu'a, ranar Alhamis ce sakamakon ke fitowa, da safe.