Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan katakon lambobi na yara

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, ke da kika ce yaronki ɗan shekara huɗu yana rera ƙirga tun daga ɗaya har ashirin, amma in an nuna masa 5 sai ya yi zuru, malamarsu ta ce kansa ba ya ja, shi ne kike shawarar ko ki saya masa katakon nan masu lambobi. Wallahi ina gama karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, don abin da ya same ni da babban ɗana ke nan, babu ragi babu ƙari.

Shi ma shekararsa huɗu da 'yan watanni lokacin. Ran nan na je ɗauko shi, a bakin ƙofa, gaban iyaye cike, malamarsu ta ɗaga littafinsa sama tana nuna mini yadda ya juya 3 ta kalli baya. Ta ce, "Hajiya, wannan ɗan naki sai dai addu'a, daƙiƙi ne a lissafi." Yana tsaye riƙe da gefen hijabina. Yana ji. Wata mata ta yi dariya, wata ta kau da kai. Ban iya ce mata komai ba, na ja hannunsa muka hau adaidaita, maƙogwarona kamar an cusa dutse. Har yau in na tuna fuskar malamar nan raina ɓaci yake. Ko ki ja ni gefe ki faɗa mini ba ki yi ba? Yaron da bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba shi za ki yanke wa hukunci a bainar jama'a?

Abin da ya fi ci mini rai kuma, ni ce na ƙarasa mata aikin. A daren an ba su aikin gida, su rubuta 1 zuwa 50. Babu wuta, ina haska masa da fitilar waya, ya sake juya 3 ɗin nan, na goge, ya sake. Ban san lokacin da na kai masa mari ba. Bai ma yi kuka da ƙarfi ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma ki yi haƙuri, ni daƙiƙi ne." Kalmar matar nan ce a bakin ɗana. Ranar ban runtsa ba. Na zauna kusa da shi yana barci yana ajiyar zuciya, ina kallon shatin yatsuna a kumatunsa, ina roƙon Allah Ya yafe mini. Don Allah 'yar'uwa, kada ki bari maganar malamar nan ta bi ta hannunki ta sauka a jikin ɗanki.

Ƙanwar maigidana ce, wadda take koyar da 'yan nazare, ta warware mini. Ta ce rera ƙirga waƙa ce kawai, kamar yadda yaro ke haddace tallar rediyo. Sanin lamba shi ne ya taɓa abu ɗaya ya ce ɗaya, ya taɓa na gaba ya ce biyu, sannan ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan kayan. Juya 3 ko rikita 6 da 9 kuwa ba wata cuta ba ce, yara da yawa suna yi har kusan shekara bakwai. Ita ta ba ni labarin Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantar yara a birnin Rum a 1907, wadda sunanta yake jikin allunan makarantu a ko'ina yanzu. Ta ce ita Montessori da sandunan katako goma take koyar da ƙirga, ƙaramin santimita 10, babban mita ɗaya, ja da shuɗi, don yaro ya ɗauka ya ji a hannunsa cewa goma ta fi ɗaya tsawo da nauyi, tun kafin a ba shi fensir.

To ki saya, yana da amfani, amma ki buɗe ido wajen saye. Na farkon da na saya wurin wata mai talla a intanet ne. A hoto manya-manya, da ɗan aike ya kawo sai ga wasu 'yan firit, da ƙananan zobba da ake zurawa a sanda. Kuɗin ya kai na cefanen kwana uku. Kwana biyu kawai fenti ya fara fita a hannun yara. Ran Juma'a ina wanke-wanke na ji ƙaramar, mai shekara ɗaya da rabi, ta yi wani irin tari, na juyo na ga idonta sun firfito, babu kuka babu numfashi. Zobe ɗaya ta haɗiye. Na ɗauke ta a guje ko mayafi babu, Allah Ya sa maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce kuma tana gida. Ta kifa ta a cinya, kanta ƙasa, ta bubbuga tsakanin kafaɗunta da ƙarfi, sai ga zoben ya faɗo. Ta gargaɗe ni kada in sake in zura yatsa ina lalube a maƙogwaron yaro, tura abin ciki yake ƙara yi. Da na rubuta wa mai kayan, ba kuɗina nake nema ba, cewa na yi ta riƙa gaya wa masu ƙananan yara, sai ta ce ai sakacina ne, ta toshe lambata. Na bar ta da Allah.

Tun daga nan duk abin wasan da zai iya wucewa ta cikin kwalin nan na tsakiyar tishu ba ya kwana inda ɗan ƙasa da shekara uku yake. Fentin ma abin tsoro ne, don wani akwai dalma a ciki. Ko babban kamfani irin Mattel sai da ya janye ɗimbin kayan wasa daga kasuwa a 2007 saboda fenti mai dalma, balle wanda ba mu san inda aka yi shi ba. Mu da muka ji yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ne, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga, in launi ya fito ki bar musu kayansu.

Daga baya kafintan unguwarmu na je wa. Ragowar katako ya yanka mini guda goma, kowanne ya cika tafin hannun yaro, ya goge su sumul babu sartse, ya ƙona lambobin da ƙarfe mai zafi, babu fenti ko ɗigo. Na sa ya ja layi a ƙarƙashin 6 da 9. Ko rabin kuɗin wancan ban kashe ba.

Kada ki zube masa duka goman. Ni da 1, 2, 3 na fara, muna zaune a tabarma bayan la'asar, ba ma wuce minti goma. Gaban kowane katako sai mu jera ƙwallon dabino ko murfin lemo daidai yawansa, kuma da Hausa muke ƙirgawa, Turancin daga baya ya biyo. In na ce nawa ke nan, sai ya koma farko ya sake ƙirgawa, na yi ta haƙuri. In ya ga dama ya gina bene da su ya rushe, ki ƙyale shi, wasa ne. Wata rana na ajiye dabino uku, ko taɓawa bai yi ba ya ce "uku", ya ɗauko katakon 3 ya ɗora a kai. Ɗaki na shige na yi kukana. In yana zuwa islamiyya ki lura, biyar ɗin Larabci kamar sifili take, shidansu kuma kamar 7, nawa ya sha rikicewa a nan kafin ya bambance.

Makarantar kuwa ƙarshen zangon na cire shi. Ke ma ki je ki samu shugabar makarantar, ki faɗa mata abin da aka ce wa ɗanki, ni rashin yin hakan yana damuna har gobe. Ki sa babansa ma ya riƙa zama da shi ko sau ɗaya a mako. Yanzu nawa yana aji uku. Katakon suna nan a cikin kwando, 7 ce kawai ta ɓace, in kina Zariya ki yi mini magana in aiko miki da su.