Tambaya da Amsa: Sabunta Injin Tsohuwar Chevrolet da Kuɗi Kaɗan

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, kuma na sayi wata a-kori-kura ƙirar Chevrolet C10 ta shekarar 1984, wadda mai ita ya ce injinta 350 ne mai silinda takwas. Tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai, sannan allurar matsin mai tana faɗuwa idan injin ya ɗauki zafi. Kuɗina ba su da yawa, amma na ga cikakken kayan sabunta inji da araha. Shin in saya in fara aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi ko da noti ɗaya tukuna, domin har yanzu ba ka tabbatar da irin injin da ke hannunka ba. Kamfanin Chevrolet ya fara ƙera wannan zuriya ta ƙananan injuna masu silinda takwas a 1955, samfurin 350 (lambar tana nuna girman injin ne a ma'aunin inci kubik) mai lita 5.7 ya fito a 1967, amma da yawa daga cikin C10 na shekarun motarka da injin 305 suka zo, kuma daga waje su biyun kamar an tsaga kara. Faɗin silindar 350 inci 4 ne cif, na 305 kuwa inci 3.736, saboda haka fistin ɗin wannan ba ya shiga wancan. Ka duba lambar da ke jikin bulok ɗin, can baya ta ɓangaren direba inda yake haɗuwa da giya, ita ce za ta gaya maka gaskiya. Ba ina cewa mai sayarwar ya yi maka ƙarya ba ne. Wataƙila shi ma haka aka gaya masa.

Bayan haka sai a binciki cutar kafin a sauke inji. Idan hayaƙin da safe yake fita lokacin tayarwa, sannan ya ɗauke bayan 'yan mintoci, galibi robobin wuyan bawul ne suka bushe, kuma ana canja su injin yana kan mota. Ka auna matsin iskar kowace silinda, inda bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi rauni ka ɗiga mata baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa: idan matsin ya tashi, ringi ne ya cinye, idan bai tashi ba, sai a tuhumi bawul ko gasket. Faɗuwar matsin mai ita ce ta fi damuna, domin tana nuna cewa metal, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) yake juyi a kanta, ya sassauta, amma ka fara gwadawa da wani ma'auni na daban, don allurar da ta kai shekara arba'in tana iya yin kuskure.

Idan ta tabbata sai an buɗe, to wurin da ya cancanci kuɗinka shi ne shagon masu gyaran ƙarfen inji. Ka kai musu bulok da karanshaf da kawunansa guda biyu, su wanke, su binciki tsagewa da na'urar maganaɗisu, su auna. Kawunan injin waɗancan shekaru ba su da kauri sosai, kuma suna yawan tsagewa idan motar ta taɓa tafasa. Awon nan shi ne zai yanke maka kasafi. Idan silindoji ba su ci sosai ba, gogewa kawai za a yi, ka mayar da tsoffin fistin da sabon ringi, ka tsira da kuɗi masu yawa. Idan kuwa sun ci har farce yana maƙalewa a bakinsu, dole a faɗaɗa su, yawanci da inci 0.030, a sa sabbin fistin na wannan awo. Haka ma karanshaf, ko dai a goge shi, ko a rage shi da inci 0.010 a nemo metal mai kaurin da ya dace. Wanda ya sayi kaya kafin awo, sau biyu zai saya.

Akwai abubuwa masu araha da ban yarda a yi musu rowa ba, wato famfon mai, sarƙar tayimin da haƙoranta, murafan ramukan ruwa na jikin bulok, da gasket mai kyau. Ka lura cewa sil ɗin bayan karanshaf, wato robar da ke hana mai yoyo, na 1984 gida biyu ne, sai daga 1986 aka koma mai gida ɗaya, don haka ka ambaci shekarar bulok ɗinka lokacin saye. Za ka ji ana yabon kawunan inji samfurin Vortec da suka fito a 1996, kuma lallai suna ƙara ƙarfi, sai dai suna buƙatar mazaunin kafireto da murafan bawul nasu na daban, abin da zai ja maka kashe kuɗin da ba ka shirya ba.

Wajen haɗawa, ka auna tazarar kowane metal da zaren roba na Plastigage, ka ɗaure notuna da sifana mai auna ƙarfi bisa jerin littafin injin, kuma ka jera wayoyin fulogi bisa tsarin 1-8-4-3-6-5-7-2. Kamshaf ɗin wannan inji, wato sandar da ke buɗe bawul, yana aiki da tafet (ƙarafan da ke zaune a kansa suna tura bawul) masu shafaffen gindi, don haka idan za ka mayar da tsoffin, kowanne ya koma raminsa na asali, idan kuwa sabon kamshaf ne, to tafet ma sabbi za a sa. Kafin tayarwar farko, ka juya famfon mai da injin huda ta ramin distiributa har mai ya haura sama, ka zuba baƙin mai mai sinadarin zink, sannan da zarar injin ya kama ka riƙe shi tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti har tsawon minti 20 zuwa 30, ba tare da ka bar shi a silo ba. Daga nan ka juye man ka canja filta, ka sake yin haka bayan tafiyar mil 500.