An ce in raɗa wa sabon tsarin ofis suna

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da na fara aiki a wani kamfani. Shugabanmu zai haɗe sassa biyu su koma ɗaya, ya kuma ce in samo wa tsarin "suna mai jan hankali" kafin ya sanar. Na san mutum huɗu za su rasa aikinsu a ciki. Dama kullum sababbin kalmomi ake yayi a ofishin, wasu ko gane su ba na yi. Laifi ne in ƙirƙiro sunan?
Daga wata ma'aikaciya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙirƙirar kalma ita kaɗai ba laifi ba ce. A 1959 masanin harkokin gudanar da kamfanoni Peter Drucker ya fito da laƙabin "ma'aikacin ilimi" ga mutumin da jarinsa abin da ke cikin kansa ne. A 2021 wani malamin jami'a a Amurka, Anthony Klotz, ya kira guguwar ajiye aiki da ta biyo bayan korona "babban murabus", kuma a shekarar sama da mutum miliyan 47 suka ajiye aikinsu a ƙasar. Waɗannan kalmomi sun tarar da abu a ƙasa ba shi da suna, suka ba shi.

Abin da aka sa ki daban ne, domin abin yana da sunansa: kora. A shekarun 1980 kamfanonin Amurka suka fara ce wa sallamar ma'aikata "rage girma", kalmar da a baya ake faɗa wa ƙanƙanta motoci. Da mutane suka gano ta, sai aka koma "daidaita girma". Duk lokacin da kunne ya saba, sai a sauya wa abin riga.

Na yi shekaru ina rubuta bayanan taro, kuma akwai ranar da har yau take ci mini rai. Manaja ya tsaya gaban allo ya yi kusan awa guda yana maganar "sabuwar alkibla". Wani dattijo mai kula da sito yana zaune kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa, yana ta gyaɗa kai, har da tafi. Da aka tashi ya tare ni a baranda, ya rage murya ya ce, "'Yata, wai me aka ce?" Ni ma ban sani ba, alhali ni na rubuta. Bayan mako uku aka miƙa masa takardar sallama. Mako ukun nan da an faɗa masa gaskiya, da ya yi su yana neman wata hanyar abinci.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Ingila an kafa ƙungiyar fafutukar amfani da Turanci mai sauƙi tun 1979, a Amurka kuwa Obama ya sa hannu a 2010 kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a takardu da harshen da za su gane.

Ga shawarata. Ki kai wa shugaban naku suna mara ado, kamar "haɗe sashen kaza da sashen kaza". Ki same shi shi kaɗai, kada ki yi a gaban jama'a, ki ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin a fara kiran mutum huɗun nan a faɗa musu baki da baki, da ranar da za su tafi da haƙƙoƙin da za a biya su." Idan ya dage sai suna mai ƙyalli, ki ba shi, amma ki roƙa layin farko na sanarwar ya faɗi adadin guraben da za a rufe. Kada ke ki tsegunta wa kowa, amana aka ba ki.

Kalmomin da ba kya ganewa kuwa, ki daina jin kunyar tambaya. Da an faɗi ɗaya a taro ki ce, "A aikace, me ake so in yi ranar Litinin?" Ki rubuta amsar da aka ba ki, ki karanta wa mai maganar ya tabbatar kafin a tashi.