Amsa: Maganin da ke rufe makunnin ƙwayar halittar bakteriya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya ƙera maganin da zai kashe bakteriya ta hanyar rufe makunnin ƙwayoyin halittarta, maimakon fasa bangonta kamar yadda fenisilin ke yi. Ƙwarai kuwa, kuma an gwada.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ribocil, wanda masana a kamfanin Merck suka bayyana a 2015. Akwai wani ɗan sashe na RNA (sinadarin da ke ɗauke da saƙon ƙwayar halitta) da ake kira ribosuwic na FMN, shi ne makunnin. Idan sinadarin FMN, wanda bakteriya ke samarwa daga bitamin B2, ya wadata, sai ya maƙale masa, RNA ɗin ya canja siffa, a daina ƙera bitamin B2. Ribocil yana kwaikwayon FMN ne, ya rufe makunnin tun ana cikin buƙata, bakteriyar ta kasa girma. Mutum ba shi da irin wannan makunni, abin da ya sa hanyar take da daraja ke nan.

Ga yadda ake tabbatarwa: a shuka bakteriyar E. coli a faranti biyu da maganin, ɗaya a ƙara masa bitamin B2. Idan wannan ya farfaɗo, ɗayan kuma ya tsaya cak, to hanyar ƙera bitamin B2 maganin ya toshe.

Matsala biyu ce ke kayar da aikin. Sauyin harafi ɗaya a jerin RNA na ribosuwic na iya hana maganin kamawa. Sannan bakteriya masu bango biyu suna da famfunan da ke fitar da shi waje, don haka a 2020 aka ƙara wa maganin wani rukunin sinadari mai suna amin domin ya taru a cikinsu.