Ganyen kaka da hasken da ke ratsa shi

Kawu, barkanku da war haka. Kun tambayi dalilin da ya sa 'yan ikilisiyarmu na nan Ingila suke turo hotunan jajayen ganyaye da aya a ƙasansu duk Oktoba, har kuka ce ko mun fara girmama itatuwa ne. Ko kusa, Kawu. Romawa 1:25 ta ja kunne a kan bauta wa halitta a bar Mahalicci, kuma muna riƙe da ita.

Daga ƙarshen Satumba dare yakan fi yini tsawo a nan, sai itace ya daina yin kulorofil, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Rawayar da ke fitowa dama tana cikin ganyen, koren ne ya rufe ta. Jan kuwa sabo ne, daga sukarin da ya taru a ganye ake samunsa, shi ya sa shekarar da rana ta haska da yini, dare kuma ya yi sanyi ba tare da daskarewa ba, ta fi ja. A kudancin ƙasar abin yakan kai ƙololuwa daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da jama'a ke tururuwa lambun itatuwa na Westonbirt don kallon mefil, dangin bishiyar da ganyenta ke jikin tutar Kanada.

Ganye ba shi da haske na kansa, kuma nan ne tushen maganar. In mai hoto ya ba rana baya, ganyen zai fito da launi amma a mace. In ya zagaya ya sa ganyen tsakaninsa da rana, sai haske ya ratsa shi, jijiyoyinsa su fito ɗaya-ɗaya, har ramin da tsutsa ta ci a gan shi da zoben haske. Yesu ya ce "Ni ne hasken duniya" a Yohanna 8:12, ya kuma ce wa almajiransa "Ku ne hasken duniya" a Matiyu 5:14. Masu hotonmu suna ganin bayanin ayoyin biyu a wannan ganye: hasken na wani ne, ganyen hanya ce kawai. Tsofaffinmu kuma sun fi son 2 Korintiyawa 4:16, inda jiki ke lalacewa, ruhu na sabuntuwa kowace rana, don ganyen da ya kusa faɗuwa shi ya fi barin haske ya wuce.

Aikin kansa yana son kula. A ƙarshen Oktoba ranar Landan ko da tsaka ba ta wuce wajen digiri 25 sama da ƙasa, don haka tana zuwa a kaikaice duk yini, amma awa ɗaya bayan fitowarta da awa ɗaya kafin faɗuwarta sun fi kyau. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa guda, wanda ya manta sai ya tarar rana ta riga shi.

Kuskure mafi yawa shi ne barin kyamara ta daidaita launi da kanta. Tana ɗaukar ruwan zinaren safiya a matsayin aibi, ta wanke shi. A kafe ta a kan Kelbin 5500 zuwa 6000, wato ma'aunin launin haske. Sannan a rage haske da maɓallin +/- zuwa -0.7 ko -1, domin duhun daji yana ruɗin ma'auninta ta ƙara haske, ja kuma shi ke fara ƙonewa, jijiyoyin ganye su ɓace. A waya, a taɓa ganyen a allo, a ja alamar rana ƙasa kaɗan.

In ana iska, saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, gara a ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 400 ko 800 da a samu ganye dishi-dishi. Rana in ta faɗa kai tsaye cikin gilashin kyamara tana jawo hazo da ɗigo-ɗigo. Maganinsa a ɓoye ta bayan gindin itace, a bar gefenta kawai, a matse ƙofar haske zuwa f/16, sai ta fito kamar tauraro. Jiƙaƙƙen ganye yana ƙyalli ya ɓoye launinsa. Akwai gilashin yanke ƙyalli da ake murɗawa a gaba, ya fi aiki in rana tana gefen kafaɗa, sai dai yana cinye fiye da rabin hasken, don haka a ɗora kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku. Sandunan hasken nan da kuke gani suna saukowa tsakanin itatuwa kuwa sai da hazon asuba, bayan dare mai sanyi, marar gajimare, marar iska.

Gyara a kwamfuta shi ne inda muka fi tsanantawa. Ana iya gyara haske da inuwa, amma ba ma ƙara jan da babu shi a wurin, ba ma liƙa sandunan haske na ƙarya, don hoton da za a sa wa aya shaida ne. Waɗanda suka cika wannan sharaɗi su ake bugawa a kalandar ikilisiya ta shekara mai zuwa, kuma za mu aiko muku da taku kafin Kirsimeti, in Ubangiji ya yarda. A gaida mutanen gida.